Yaji, Biko da Ladan Kuturu

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni malamin firamare ne a Funtuwa. Tun 2021 da aka kai ƙudiri Majalisar Wakilai a bar kowace jiha ta yanke mafi ƙarancin albashinta, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta fito zanga-zanga tana barazanar yajin aiki, nake son in ji me ya haɗa aiki da yaji.

Amsa: Malam, ba yajin barkono ake nufi ba, daga zaman aure aka aro kalmar. Idan aka ɓata wa mace rai ta ɗauki mayafinta ta koma gidan iyayenta, sai a ce ta yi yaji. Igiyar aure tana nan ba ta tsinke ba. Ta tafi ne don a ji kukanta, kuma al'ada ta ɗora wa miji ya tura manya su je biko, a zauna, a faɗi laifi, a gyara, ta dawo ɗakinta.

Wanda ya fara cewa "yajin aiki" ya san Hausa ƙwarai. Ma'aikacin da ya ajiye alli ko allura ba sallamar kansa ya yi ba, biko yake jira. Shi ya sa ƙudirin nan ya tayar wa 'yan ƙwadago da hankali. Masu goyon bayansa sun ce jihohi ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma akwai gaskiya a nan. Amma mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a 2019 da na 70,000 a 2024, dukansu da murya ɗaya aka karɓo su a Abuja. In aka rarraba maganar jiha jiha, ma'aikacin ƙaramar jiha zai yi yaji ya rasa mai zuwa bikonsa. Ni dai ina tare da 'yan ƙwadago a wannan.

Tambaya: Malam, ina da gidan burodi a Kano da yara goma sha biyu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ashe wannan ba shi ne "ba aiki, ba biya" ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Duba jerin maganar: ci ya riga aski. Lada a nan kuɗin aiki ne da wanzami ya riga ya karɓa, don haka ƙyama ba za ta zame masa uzuri ba. In ka biya yaronka ya ƙi kunna gidan wuta, karin maganar taka ce.

Dokar "ba aiki, ba biya" kuwa, wadda gwamnatin tarayya ta riƙe albashin malaman jami'a da ita a yajin ƙungiyarsu ASUU na wata takwas a 2022, hana ladan take yi gaba ɗaya. Wanda ke bin albashin wata uku bai ci ladan kowa ba, askin ya riga ya yi.