Tambaya da Amsa: Jona cajar kula da batir a jikin babur

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san waya da kwamfuta kuka fi taɓawa, amma a taimaka min. Ina ajiye babur ɗina a gida in tafi wurin aiki, wani lokaci sai na yi wata biyu. Duk dawowa sai in tarar batir ya kwanta, sai da kik yake tashi. Ɗan'uwana ya aiko min da wata ƙaramar caja, Battery Tender, daga Amurka. Yaya zan jona ta, kuma ba komai in bar ta a jone?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ai batir duk batir ne, tambayarka tana kan hanya.

Kafin komai, juya cajar ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutar Amurka 120V ce, tamu 230V. Idan ka ga 100-240V, to ka huta, kan soket kawai za ka sauya. Idan 120V kaɗai aka sa, kada ka kuskura ka cusa ta a bango ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, nan take za ta ƙone.

Batirin dalma da asid yana zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi irin namu yana ƙara masa sauri. In akwai tiraka ko ƙararrawar ɓarayi a babur ɗin, suna zuƙa dare da rana. Abin da ya fi damuna shi ne, idan batir ya daɗe a kwance, wani farin gishiri yakan daskare a farantan cikinsa, daga nan ba zai ƙara riƙe caji kamar da ba. Wannan na'ura aikinta ke nan: ta cika batirin a hankali zuwa wajen 14.4V, sannan ta sauko ta tsare shi a 13V da 'yan kai. Don haka aka yi ta a bar ta a jone.

Ga yadda za ka yi. Kashe babur, ka zare makulli, ka tabbata cajar ba ta jikin soket. Goge kawunan batirin idan sun yi farin gari. Maƙala jan baki a kan mai alamar +, sannan baƙin a kan mai alamar −, ko a wani ƙarfe marar fenti na jikin babur, nesa da tanki da bututun mai. Sai a ƙarshe ka sa a soket. Wajen cirewa ka faro daga baya: soket, baƙi, sannan ja. Dalili kuwa, batir yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta yayin caji, ba a son tartsatsi kusa da shi. Shi ya sa ma ba a yi a ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Tunda tafiyarka a kai a kai ce, na fi so ka yi amfani da ɗaya wayar da ke zuwa cikin kwalin, mai zobba biyu da fiyus. Ana ɗaure ta da kusoshin batirin ta zauna dindindin, bakinta ya leƙo ta gefen kujera. Wajen ɗaurawa ka fara kwance baƙar wayar da ke kan batirin, sannan ja. Wajen mayarwa ja ne farko. Kada ta taɓa salansa ko sarƙa, kuma ka rufe bakin da murfinsa saboda ƙura da ruwan sama. In batirinka mai ruwa ne, duba ruwan kafin ka tafi, ka ƙara tataccen ruwan batir, ban da asid.

Tambaya: Ina da cajar batirin mota, ba za ta yi ba?

Amsa: Don Allah kada ka bar ta a jikin babur. Batirin ƙananan baburanmu bai cika wuce 5Ah zuwa 7Ah ba (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), ƙa'ida kuma a ba shi kamar kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi, wato ƙasa da amfiya 1. Cajar mota tana iya tura amfiya 10, kuma tsofaffin ba su san tsayawa ba. Batirin zai yi zafi, ruwansa ya ƙafe, ya kumbura.

Tambaya: Unguwarmu wuta ba ta zama. Batirina kuma na litiyum ne.

Amsa: Ɗauke wuta ba matsala ba ce, caja mai kyau tana ci gaba da kanta idan an dawo da ita. In wutar ta yi ƙaranci sosai, ƙaramin faifan sola na wat 5 zuwa 10 mai na'urar daidaita caji ya wadatar. Shi kuwa litiyum, nemi cajar da aka rubuta LiFePO4 a jikinta, wato nau'in litiyum da ake yin batirin babur da shi. Wasu cajojin dalma suna harba wuta mai ƙarfi don narkar da wancan gishirin, wannan kuma yana lalata litiyum.