Tambaya da Amsa: Sa hannun imel ɗinmu yana faɗuwa idan mun rubuta da Hausa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman zoɓo da riɗi a wani ƙauye kusa da Maigatari. Muna da imel na ƙungiya, kuma mai sayen kayanmu a Kano yana ta cewa saƙonmu na zuwa da gargaɗi wai sa hannu bai tabbata ba, har ya fara zargin ko wani ne ke amfani da sunanmu. Abin mamaki in na rubuta da Turanci lafiya lau yake shiga, sai na Hausa ne. Dan Allah mene ne matsalar?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, yadda ka bayyana abin nan ba ɗan damfara ba ne, ai ma kai da kanka ka gano bakin zaren da ka ce na Hausa ne kawai ke faɗuwa.

Sa hannun da ake magana ba sunanka na ƙasan wasiƙa ba ne, wani hatimi ne na lissafi, irin su DKIM, da sabar ku, wato kwamfutar da ke aika muku imel, ke bugawa kan saƙon kafin ya fita. Tana lissafa duk abin da ke ciki ta fitar da lamba guda, can wajen mai karɓa a sake lissafin, in ɗigo ɗaya ya canza a hanya to lambar ba za ta zo daidai ba. Kamar ka ɗinke buhun zoɓo ka sa alama a bakin ɗinkin, wani ya juye shi a sabon buhu a tasha, zoɓon dai shi ne amma alamarka ta tafi.

To ina ruwan Hausa? Tsohon tsarin imel an gina shi ne kan ASCII mai alamomi 128 kacal, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a ciki. A UTF-8, wato tsarin rubutun kwamfuta da ke ɗaukar irin waɗannan haruffa, kowanne cikinsu bayit biyu yake ci (bayit shi ne ma'aunin girman rubutu a kwamfuta). Idan saƙonka ya fita da su tsirara aka buga hatimi a haka, sai ya biyo ta wata saba da ke son tsohon tsari, za ta juya ƙ ta koma =C6=99, mai karatu zai ga ƙ ɗinsa daidai amma hatimi ya riga ya karye. In ka taɓa ganin ƙ ta koma Æ™ a saƙo, dangin wannan ciwon ne.

Ka samu wanda ya haɗa muku imel ɗin ka ce ya sa UTF-8, kuma a riƙa juya rubutun zuwa quoted-printable ko base64, wato hanyoyin mayar da rubutu alamomin ASCII zalla, kafin a sa hannu, ba bayan an sa ba. Ya duba kuma ko sabar na liƙa wani rubutu a ƙasan saƙo bayan hatimi, shi ma yana karyawa. Sannan ka gwada, tura saƙo mai kalmar zoɓo zuwa Gmail ɗinka, ka buɗe Show original ka ga ko DKIM ya ce PASS.

Wasu za su ce maka kawai ka daina sa ƙugiya a haruffa. Ni gaskiya ban yarda ba, ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, kuma a takardar ciniki wannan bambancin na iya jawo rigima. A gyara sabar, ka ci gaba da rubuta Hausarka yadda take.