Maganar ciwon gaɓɓan kishiyata da masu zuwa bincike

Wa alaikumus salam 'yata. Saƙonki sau biyu na karanta shi, na farko sai da na yi dariya, na biyun kuma jikina ya yi sanyi. Wai kina tambaya ko a al'ada dole ne a faɗa wa dangin miji ciwon da yarinya ta yi tana ƙarama tunda sun fara bincike, ko a yi shiru tunda yau shekara uku kishiyar tawa, wato jikata, ba ta shan magani. Ikon Allah, yarinyar da nake goyawa zuwa asibiti gwiwa ta yi suntum, ita ce yau ake kawo wa kuɗin gaisuwa.

Bari in ba ki labarin autarmu Allah ya jiƙanta, ke kina ƙarama ta rasu. Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973, tana 'yar shekara biyar gwiwarta ta hagu ta kumbura, da safe ba ta iya miƙewa sai rana ta ɗaga sannan jikin ya saki ta shiga wasa kamar ba ita ba, har ana cewa gudun aike ne. Aka ce sanyi ne, aka ce ta taka wani abu a juji, wanzami ya yi ƙaho ya yi tsaga har sakiya sai da aka yi mata. Wajen shekara shida ana fama sannan ya lafa da kansa, sai dai ƙafar ta ɗan fi 'yar uwarta tsawo, idonta na dama kuma ya dushe, ba wanda ya kawo a ransa cewa idon da gwiwar abu ɗaya ne.

Da aka zo neman aurenta a 1984 kakarmu ta ce a faɗa musu, ta ce wutar ƙaiƙayi ce, sama toka ƙasa garwashi. Baffa ya ce ciwon da ya warke mene ne na tono shi, za a kori mai so a banza. Maganar maza ta yi sama, aka ɗaura.

Cikin fari lafiya lau, ta ma fi kowane lokaci jin daɗin jikinta. Ni aka tura zaman jego. Ba zan manta asubar nan ba, wajen sati uku da haihuwa, hunturu ana sanyi na tafasa ruwa na zuba a kwatanniya na miƙa mata ganyen darbejiya, sai na ga ganyen ya faɗi ƙasa, na sake miƙa mata ya sake faɗuwa. Na haska fitila, yatsun sun kumbura wuyan hannu ya yi tiɓis, ga jariri yana ta tsala kuka a ɗaki ta kasa ɗaukarsa, ta dube ni ta ce Yaya, ciwon ya dawo. Ni na yi mata wankan, ni na riƙe mata yaron a ƙirji ya sha nono, kunun kanwa ma a baki na ba ta. Da hantsi uwar mijin ta shigo ta tsaya ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta juya wajen Inna ta ce dama tana da wannan? Inna ta sunkuyar da kai. Wallahi har yau ina jin wannan shirun. Mijin mutumin kirki ne bai sake ta ba, amma "kun ɓoye mana" ta zauna a gidan nan har ƙarshen ranta.

Toh ita kishiyata Allah ya kawo ta zamanin da aka san ciwon. Kin tuna abin da likitan ya ce mana, amosanin gaɓɓai na yara ne, wanda ke farawa kafin shekara 16 ya wuce sati shida, garkuwar jiki ce ke cin gaɓa, ba sikila ba ne kuma ba a ɗaukarsa. Bai taɓa ce mana ta warke ba, cewa ya yi ya kwanta. Sai an yi wata 12 ba magani ba kumburi kafin su rubuta ya kwanta ba tare da magani ba, ita kuma ta ninka haka alhamdulillah, kuma irin nata mai kama gaɓa huɗu ko ƙasa da haka ya fi saurin lafawa. Amma da yawa yana bin su har girma, kuma bayan haihuwa lokaci ne da yake son tashi. Ga kuma maganin nan methotrexate da ta sha sati-sati, idan ya dawo aka mayar da ita kai ba a ɗaukar ciki a kansa, yana illa ga ɗan tayi, to ki faɗa min ta yaya za a ɓoye wa miji wannan?

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, kwa kwana kuna lissafin akwatin lefe da wajen dina, binciken ma a waya ake yi a leƙa Facebook ɗin yarinya shikenan. Da, dattijo ake tasowa ya zauna a zaure a yi magana a rufe, abin da aka faɗa a nan ba ya fita. Kakarmu kan ce sirrin da aka ba ka da hannu amana ne, wanda ka tsinta a ƙasa kuwa abin gori ne.

Ko dukkan dangin za a faɗa wa ko yaron kaɗai da waliyyinsa, wannan sai na zauna da babanki bayan sallar Juma'a, kar ki amsa musu komai tukuna. Ki nemo min katinta na asibiti, kuma yaushe rabon da a duba mata ido da na'urar nan? Kumburin idon ba ya ciwo ba ya ja, haka na auta ya tafi muna zaune tare da ita.