Tambaya da Amsa: Shin "Hallelujah" waƙar ibada ce?

Tambaya: Malam, ina yawan jin waƙar "Hallelujah" a bukukuwan Turawa. Ta ibada ce?

Amsa: 'Yar'uwa, kada amshin ya ruɗe ki. Kalmar Ibraniyanci ce, ma'anarta "ku yabi Ubangiji", amma Leonard Cohen, Bayahude ɗan Kanada da ya fitar da waƙar a 1984, ya ɗora ta ne kan labarin tuntuɓe. Baiti na biyu ya cuɗa labarai biyu na Baibul: Dauda da matar da ya hango tana wanka, da Samson, ƙaƙƙarfan mutumin da aka aske, ƙarfinsa ya tafi.

Nemo baitocin a rubuce, ki duba wa ke magana, kuma da wa. Mawaƙan da ke sake rera ta sukan zubar da baitocin kokwanto, shi ya sa take komawa tamkar zabura.