Idan aka sauke babbar hanyar bakin kogi a Albany, ina motoci za su bi?

Tambaya: Salam injiniya. Ina zaune a Albany ta jihar New York, kullum babbar hanyar I-787 da ke bakin kogi nake bi zuwa aiki. Yanzu ana ta maganar wai za a sauke ta a mai da ita titin cikin gari don mutane su riƙa kaiwa bakin kogin Hudson. Hankalina ya tashi wallahi, ba cunkoso ne zai kashe mu ba? Wani ma ya ce min ƙara mata faɗi ya kamata a yi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Amma wannan da ya ce a ƙara faɗi, shi zan fara tarewa, don kullum sai na ji wannan magana har ta ishe ni. Mutane sun ɗauka mota kamar ruwa ce, idan ka faɗaɗa kwata sai ta wuce. Ba haka ba ne! Duk ranar da ka ƙara hannu a titi, wanda da yake shiga bas sai ya fito da motarsa, mai sammako ya daina, wani ya je can bayan gari ya sayi gida tunda hanya ta yi daɗi, kafin ka ankara ta sake cika maƙil. Je ka duba Katy Freeway a Houston, an gama faɗaɗa ta a 2008, wani wurin hannu 26 idan ka haɗa da titunan gefe, ba a yi shekaru ba gosulo ya dawo. Amma har gobe ɗan kwangila da ɗan siyasa maganinsu ɗaya, gadar sama, saboda ita ce ke fitowa a hoto ranar yanke kyalle.

Rushewa kuma ba sabon abu ba ne. Birnin Portland ta rufe babbar hanyarta Harbor Drive a 1974, wurin ya zama lambun shaƙatawa a bakin kogin Willamette, gari bai tsaya ba, sai dai fa an riga an buɗe gadar Fremont a 1973 wadda ta kwashi motocin. Seoul ta Koriya ta Kudu ma ta rushe tata babbar hanyar a 2003 ta tono rafin Cheonggyecheon.

Naku Albany abin da ya fi damuna ba motoci ba ne, layin dogo ne da ya ratsa tsakiyar I-787 ɗin, ko an sauke kwalta jirgin kaya yana nan tsakaninku da ruwa, ga wurin fadama ce mai ambaliya. Skyway da aka buɗe a 2022 tsohuwar mahaya ce ta hanyar aka mai da ita ta 'yan ƙafa, ta yi kyau, amma ɗinki ɗaya ne a riga mai yaga goma.

Tafiyarka za ta iya ƙara 'yan mintuna saboda danja, wannan ba zan ɓoye maka ba. Idan an kira taron jin ra'ayin jama'a ka je, ka tambaye su ta ina manyan motoci za su bi, kuma me za a yi da layin dogon.