Taraktar gado tana mutuwa a tsakiyar huɗa: ta ina za a fara bin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wajen Jiratawa, kusa da Maradi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana tarakta Massey Ferguson 135 mai shan gazuwal. Tun bayan girbin bara take ajiye. Yanzu da safe tana tashi lafiya lau, amma in ta yi kamar minti 20 tana huɗa sai ƙarfinta ya ragu, ta riƙa shessheƙa, ta mutu. In ta huta sai ta sake tashi, wani lokaci kuma sai an sha wuya. Wani bakanike ya ce babban famfon mai ne ya ƙare, a cire a kai gyara. Yayana kuma yana so mu sayar. Wace shawara za ka ba mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa albarka a abin da ya bari.

Don Allah kada ku bari a kwance famfon nan tukuna. Injin da ke tashi lafiya da safe, ya ja garma da ƙarfinsa na minti 20 kafin ya fara shessheƙa, ya riga ya nuna cewa babban famfonsa yana iya aiki. Galibi abin da ke damun irin wannan inji shi ne mai ba ya isa gare shi yadda ya kamata, ko kuma iska na shiga hanyar man. Irin taraktarku an ƙera ta ne tsakanin 1964 da 1975, da injin Perkins mai silinda 3, kuma hanyar manta gajera ce, ana iya bin ta da ido: tanki, makullin mai da ke ƙasan tanki, ƙaramin famfo da ke jikin inji, filta, babban famfo ƙirar kamfanin CAV, sai nozul uku masu fesa mai cikin silinda. Haka za ku bi ta, daga tanki zuwa gaba, domin gyaran da ya fi araha yana farkon hanya, mai tsadar yana ƙarshe.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. Ku shiga gona, ku jira ta fara shessheƙar, nan take wani ya buɗe murfin tanki. In kun ji iska ta shige da ƙara kamar an tsotsa, injin kuma ya farfaɗo, to kun kama ɓarawon. A jikin murfin akwai ƴar huda da iska ke bi ta maye gurbin man da aka sha. Ƙurar hunturu da ta bazara kan toshe ta, wasu kuma kan ɗaure bakin tanki da leda don gudun ƙasa, su toshe ta da hannunsu. Kamar gwangwanin madara ne da mai shayi ya huda wuri ɗaya: sai an ƙara huda ta biyu yake zuba. In tarakta ta huta, iska na sulalewa a hankali ta shiga, shi ya sa take sake tashi.

In ba murfin ba ne, ku sauko ƙasan tanki. Ku cire tiyon da ke fita daga makullin, ku tara kwalba mai haske, ku buɗe. Ya kamata mai ya zubo da kauri, ya ci gaba da zuba ba yankewa. In ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo, akwai datti. A cikin tanki, bisa makullin, akwai ƴar raga mai tace mai. Tsatsa, ɓawon fenti da guntun leda kan taru su lulluɓe ta yayin da inji ke ja, in an kashe injin sai su saki. Ku ajiye kwalbar ta ɗan jima, ku ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, saboda haka za ku gan shi kwance a ƙasa, da layi a fili tsakaninsu. Wani lokaci za ku ga baƙin abu mai yauƙi a kan layin: ƙwayoyin halitta ne da ke tsira inda ruwa da gazuwal suka haɗu suka daɗe, kuma su ne ke cika filta cikin ƴan kwanaki. Taraktar da ta yi watanni a ajiye da rabin tanki, wannan ciwonta ne. Maganinsa a sauke tankin, a wanke da gazuwal mai tsabta, a wanke ragar. In taku tana da kofin gilashi na tara ruwa, a ƙasan tanki ko a ƙasan filta, a zubar da abin da ke ciki a goge.

Daga nan sai ƙaramin famfo. Yana da ɗan hannu da ake dannawa da yatsa. In kun danna kun ji shi sakwaf babu nauyi, kada ku yanke masa hukunci nan take. Ku juya inji zagaye ɗaya ku sake gwadawa, domin wani lokaci inji kan tsaya daidai inda ya riƙe hannun a sama. Sannan ku zaro sandar awon man inji ku shinshina. In man ya haura alama, ya tsinke, yana warin gazuwal, to gazuwal na zuba cikin inji, kuma wanda ake fara tuhuma shi ne fatar robar da ke cikin wannan ƙaramin famfo. In haka ne a tsayar da aiki, a canza famfon, a canza man inji.

Filta kuwa ba a wanke ta, canza ta ake yi. Amma a nan ne na fi ganin ana jawo sabuwar matsala. Sabuwar filta ta CAV tana zuwa da robobi, kuma babbar robar sama wurinta cikin ramin da ke jikin murfin filtar ne, ana tura ta ciki da yatsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗora ta a kan filtar kanta, ta rufe hudojin da mai ke bi, a wayi gari sabuwar filta ta fi tsohuwa hana mai wucewa. Ku kuma tabbatar an ciro tsohuwar robar, kada biyu su hau kan juna.

Iska ita ce mai wuyar kamawa, domin inda take shiga ba lallai mai ya ɗiga ba. Tsakanin tanki da ƙaramin famfo tsotso ake yi, don haka tiyon da rana ta busar ya tsage, ko washar tagulla da aka yi ta ɗaurewa ana kwancewa har ta mutu, sai su sha iska a ɓoye. Ku sa guntun tiyo mai haske kafin filta, ku tayar, ku zuba ido. In kuna ganin jerin kumfa na wucewa, ku bi mahaɗan da ke baya ɗaya bayan ɗaya.

Duk lokacin da aka buɗe hanyar mai, sai an fitar da iska, kuma akwai tsari. A sassauta notin da ke saman filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. A jikin babban famfo akwai ƙananan notuna biyu na fitar da iska, ɗaya a gefe, ɗaya a saman murfinsa. A fara da na ƙasa, sannan na sama. A ɗaure su da sauƙin hannu, domin suna saurin karyewa. Bayan haka a sassauta notunan bututun ƙarfe a bakin nozul, a buɗe totur gaba ɗaya, a tabbatar sandar kashe inji ta koma ciki, a buga sitata har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 15 a bugu ɗaya, a bar ta ta huce. Kuma ina roƙonku, kada kowa ya sa yatsa ko tafin hannu yana laluben inda mai ke fita a bututun nozul. Ƙarfin man a wurin ya kai ya huda fata ya shiga nama, raunin ƙarami ne a ido amma yana iya cin hannu. In ya faru, asibiti za a nufa a ranar.

Ga gwajin da zai raba gardama tsakaninku da bakaniken. Ku sami jarka mai tsabta da gazuwal mai kyau, ku ɗaure ta sama da inji, ku ja tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa mashigar sabuwar filta, ku fitar da iska, ku shiga huɗa. Jarkar za ta yi saurin raguwa domin rarar mai na komawa tanki, wannan ba komai. In ta wuce lokacin da ta saba mutuwa tana ja da ƙarfinta, babban famfo lafiyarsa ƙalau, laifin yana baya. In kuma ta mutu duk da haka, ko ta zama mai ƙin tashi in ta yi zafi amma ta tashi in ta huce, to maganar bakaniken ta fara yin nauyi. Sai dai ko a nan, ba a buɗe wannan famfo a ƙarƙashin bishiya. Gazuwal ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne man da ke sa masa santsi, ƙwayar yashi ɗaya na iya karce shi. A kai shi tare da nozul ukun wurin masu injin gwaji, kuma kafin a cire a lura da alamar saiti da ke jikinsa.

Abin da ya kashe famfuna da yawa a yankinmu shi ne man da ake zuba musu. Gazuwal na jarka da duro na bakin hanya, wani da ruwa, wani an sirka da kalanzir wanda ba shi da santsin da famfo ke buƙata. In dole ne ku saya a duro, ku bar shi ya kwana bai motsa ba, ku ɗiba daga sama, ku tace ta mazurari mai raga. Ku riƙa cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, musamman da damina, domin raɓa kan taru a jikin tankin da ba ya cike. Ba a fafe gora ranar tafiya: filta biyu da washa ƴan kaɗan su kasance a gida kafin ruwan shuka ya sauka.

Maganar sayarwa kuwa, ka ce wa Yaya ya yi haƙuri har a yi gwajin murfi da na jarka. Taraktar da ke mutuwa a gaban mai saye, kuɗin ƙarfe za a taya ta, alhali 135 mai lafiyar inji har yau kayanta na samuwa a kasuwa. In kun yi gwaje-gwajen, ka rubuto mini abin da kuka gani a cikin kwalbar, da launin hayaƙin salansa lokacin da take shessheƙa, fari ne ko baƙi, sai mu san ko za a taɓa nozul.