Amsar Kawu Kan Gaisuwa da Gyara a Kasuwa

Ɗana, saƙonka ya same ni a Aliero muna juya albasar da ke cikin rudu, wato rumbun ajiyarta. Ka ce tun da ka buɗe shagon hatsi a Birnin Kebbi mahaifiyarka ta hana ka sakat: ka tsawaita gaisuwa, ka riƙa yin gyara, ka rufe shago ka tafi ta'aziyya idan an yi wa mai cinikinka rasuwa. Kana tambaya ko wannan al'ada tana da sauran amfani, tunda ga waya, kuma kowace Juma'a kana tura wa masu sayen kayanka gaisuwa ta WhatsApp.

Wannan gaisuwar taka ta Juma'a ni ma tana zuwa mini, har da hoton masallaci. Mutum ɗari ka tura wa da yatsa ɗaya, kuma kowannensu ya san haka. Ban ce ka daina ba, amma kada ka lissafa ta cikin zumunci.

Ina yaro, tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991, ni ke riƙe wa kakanka buhu a kasuwar Jega. Baƙo zai sauka daga mota, kakanka ba zai bari a ambaci kuɗi ba sai an kawo ruwa. Ya tambayi hanya, ya tambayi gida, sannan ya ce, "Yaron nan da ka ce ƙyanda ta kama bara, ya miƙe?" Sai ka ga mutum ya saki jiki, ya gyara zama. Kakanka bai iya boko ba, ajami kawai yake rubutawa, amma bai taɓa manta wanda matarsa ta haihu ko wanda ruwa ya cinye wa shinkafa a fadama ba. Idan tayi bai kai ba ya ce "albarka" yana murmushi, har mai saye ya tashi ba tare da jin an kore shi ba. Gobe shi ne zai dawo.

Gyara kuwa, ba yawanta ake dubawa ba. Ka auna tiya biyar, ka ɗebi tafin hannu ɗaya ka zuba a kai da kanka, idonka cikin idonsa. Idan yaron shago ya zuba, hatsi ne kawai. Sai dai ka kiyaye: wanda ya rage mudu sannan ya yi gyara, ɓarawo ne mai fara'a. Mata sun fi kowa ganewa, domin suna sake aunawa a gida.

Batun ta'aziyya, ni na ɗanɗana. Akwai wani mai sayen albasa daga Yawuri, mun fi shekara goma muna hulɗa. Mahaifinsa ya rasu ana tsakiyar kaka, motoci na jiran lodi, sai na aika yaro da goro da 'yan kuɗi. Ya karɓa, ya yi godiya. Bai yi mini faɗa ba, bai ce komai ba. Da kaka ta zagayo na hango shi a rumfar maƙwabcina, wanda ya bar nasa lodin ya je ya zauna a tabarmar makoki. Muna gaisawa har yau, amma buhuna bai sake shiga motarsa ba. Da ake cewa zumunta a ƙafa take, ban fahimta ba sai ranar.

Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200, 500 da 1,000, da kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, masu POS suka zama sarakuna? Na ba mutane kaya ba ko sisi, wasu kuma suka turo mini kuɗi kafin su ga kaya. Duk waɗanda na san ƙofar gidansu ne, su ma sun san tawa. Baƙon da lambar waya kawai ta haɗa mu, sai da ya jira.

Amma kada ka ɗauka sanayya tana nufin ka buɗe littafin bashi ga duk wanda ya yi maka dariya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai ka rubuta shi, ka sa rana, kuma kada ka tambaye shi a gaban jama'a. Ka bi mutum gida bayan la'asar, ku gaisa tukuna.

Mahaifiyarka ta ce matar nan mai tuwo-tuwo da ke sayen gero wurinka ta aurar da 'yarta, ba ka je ba. Ka auna tiya biyu ta shinkafa ka kai mata da kanka kafin Juma'a, ka ba ta haƙuri. Ina nan shigowa bayan mun kwashe rudu. Ka gaida mutanen gida.